Randar Tasalla da Hadarin da Ya Ja Ruwan Teku

Dalilin da ya sa kuka ga mun tashe ku da rana tsaka kuna kifar da tukwane, alhali ko'ina aka san Bahaushe in hadari ya haɗo tara su yake yi, ba don mun ƙoshi da ruwa ba ne. Ba kuma taɓin hankali ba ne, ko da yake na san abin da baƙi ke faɗa ke nan in sun juya baya. Ku matso ƙarƙashin rumfa ku zauna, hadarin nan da sauransa. Ke kuma sauka daga kan randar nan, ta girmi kakar kakarki.

A zamanin da nake ba ku labari, nan Zangon Rairayi babu komai sai yashi da itatuwan kwakwa da bukkokin masuntan teku can gefe. Kakanninmu daga arewa suka zo. Fari ya yi musu shekara uku a jere, fara ta zo ta share ɗan abin da ya rage, sai suka ɗaure kayansu suka bi hanyar fataken goro suka yi kudu. Suna tafe suna binne waɗanda tafiya ta kayar, har ranar da ƙasa ta ƙare a gabansu, suka ga ruwan da ba a hango ƙetarensa. Nan suka sauke kaya, don babu sauran wurin zuwa.

Mai jan ragamarsu wani manomi ne, Nomau, dogo mai faɗin kafaɗa, wanda in ya yi magana a wannan gona ana jin sa a ta uku. Yana da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya, sunanta Tasalla, wadda mijinta ya rasu a hanya. Ita gajeriya ce, ba ta da yawan magana, amma in ta ce a'a, to gara ka je ka lallashi dutse. Suna son juna, kada wani ya ce muku ba sa so, sai dai in suka fara musu har kaji barin gidan suke yi.

Duk dukiyar mutanen nan irin gero ne. Taiki uku suka ɗauko, wato manyan jakunkunan fata, kuma duk yunwar da suka sha a hanya ba wanda ya taɓa ko ƙwaya ɗaya. Ban da wannan akwai ƙwarya guda a hannun Tasalla. Uwarsu ce ta ba ta ranar rabuwa, don tsohuwar ƙafafunta sun riga sun ƙi, ta ce su tafi su bar ta. Ta cika ƙwaryar da irin gonarta mai doguwar zangarniya, ta rufe da faifai, ta ɗaure da tsumma, ta ce, "Tasalla, ko wa ya matsa miki, kada ki ba hadarin farko irinki duka."

Shekarar farko ruwa ya sauka sau ɗaya, mai kyau kuwa. Nomau ya ce a shuka. Tasalla ta dage a jira na biyu, ta bi gida-gida har mutane suka bi bayanta. Na biyun bai zo ba sai da lokaci ya wuce. Haka suka shekara suna yi wa masunta dakon gishiri da jan taru don su sami abin kaiwa baka. Mutanen da suka tashi da tuwo da fura suka koma cin rogo da ƙananan kifi. Rijiyar da suka haƙa kuma ruwanta zartsi ne, ruwan daɗi sai mata sun yi tafiyar rabin yini. Nomau kuwa duk ranar da ya tauna rogo sai ya ɗaga ido ya kalli Tasalla, ita kuma ta san ma'anar kallon.

Da shekara ta zagayo suka share gona a bayan bukkokinsu, suka zauna jiran sama. Wata ɗaya, wata biyu, shiru. Sai wata Laraba da hantsi iska ta ɗauke cak, zafi ya sauko har numfashi na yi wa mutum nauyi, teku ya kwanta luf kamar ba shi ne ke hana su barci da ruri ba. Can bisa ruwa hadari ya haɗu baƙi ƙirin. Mutane suka fito suna kallo, ba mai son ya yi magana kada ya kore shi.

Tasalla na tsaye a ƙofar bukkarta ta ga abin. Daga cikin hadarin wani abu siriri ya leƙo, ya yi ta sauka a hankali yana lilo, har ya taɓa ruwa. Inda ya taɓa, teku ya yi fari ya fara tafasa, sai ga ruwa yana hawa sama a tsaye. Ba ta taɓa ganin irinsa ba, ba ta taɓa jin wanda ya gani ba.

Nomau ne ya fasa shirun. Ya buga cinya ya ce, "Allahu Akbar! Jama'a, kun ga abin da nake gani? Hadari ya zura guga! Ruwa yake ja, kuma mu zai kawo wa!"

To ku tuna, mutanen rijiya ne. Duk wanda ya kalli abin nan igiyar guga ya gani, ba wani abu ba. Wata ta rangaɗa guɗa, sauran suka amsa. Kafin ka ce me, mata sun fito da duk abin da ke da baki a gidajensu, randuna da tuluna da tukwanen tuwo da ƙore, har kaskon turare, suka jera a tsakar gida suna kallon sama. Wasu ma zubar da ruwan zartsin da ke ciki suka yi don a sami wurin na daɗi.

Nomau ya ce, "Maza, a ɗauko sungumi. Binne za mu yi. Kafin ya iso iri na cikin ƙasa, taiki ukun duka."

Binne, ku da ba ku taɓa gani ba, shi ne a shuka iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, ya zo ya tarar da shi. Maza na gaba suna sara da sungumi, mata na biye suna jefa iri suna rufewa da dunduniya. A arewa dabara ce mai kyau, kuma Nomau ya yi ta ya fi sau ashirin.

Ana cikin kwance bakin taiki sai ga Iya Abla a guje. Tsohuwa ce daga cikin masuntan, wadda ta koyi Hausa wajen sayar wa fatake bandar kifi, ita ce kuma ta fara ba su wuta ranar da suka sauka. Zanenta a hannu, tana haki. Can bayanta ana hango mutanenta suna jan kwale-kwale tudu, mata na kwasar yara suna yin bayan tudun yashi.

Ta ce, "Maigida, ku bar komai! Ku zo kwari ku kwanta! Wannan ba ruwan sha ba ne, iska ce mai juyawa. In ta hau tudu ba ta barin gida."

Nomau ya yi dariya, ba ta raini ba, irin ta wanda ya san aikinsa. Ya ce, "Haba Iya, guguwa za ki koya mana? A garinmu yara ke bin ta da gudu suna jifa. Iyakarta ta ɗauke wa mace faifai. Ku kun san kifi, mu mun san hadari. Je ki ki tara tulunki."

Iya Abla ta ce, "Ta kashe min miji."

Wasu suka ajiye sungumi. Amma hadarin na matsowa, ƙamshin ruwa ya fara bugo hanci, kuma mutanen nan sun shekara suna cin rogo. Suka ɗauki taiki suka yi gona.

Nomau ya tsaya a gaban ƙanwarsa ya miƙa hannu. "Kawo ƙwaryar Inna."

Ta ce, "Ba zan bayar ba, Yaya."

"Tasalla, bara kin ce a jira, mun jira. Kin ga abin da muka ci."

"Na gani. Amma Inna ta ce kada a ba hadarin farko duka. Kuma ni wannan hadarin bai kwanta min ba. Ka taɓa ganin hadari da wutsiya?"

"Ke dai ki ce rowa ce. Haka za ki rungume ƙwaryar nan har ƙwari su cinye, mu kuma mu mutu muna yi wa mutane dako."

Kalmar rowa ce ta sosa mata rai, don ita ce ta bar cin rabonta a hanya saboda 'ya'yansa. Zuciya ta ɗebe ta, ta ce, "To je ka. In ka ga dama ka binne kanka tare da irin, ba ruwana."

Matarsa Gwamma da ke tsaye a gefe ta dafe ƙirji. Nomau ya kalli ƙanwarsa, ya saɓa sungumi ya juya. Tasalla kuwa don kada wani ya zo ya fizge, ta ajiye ƙwaryar a ƙasa, ta mirgino babbar randarta, ta kifa a kai, ta murza bakin ya shige cikin yashi, ta haye ta zauna ta harɗe hannu. Duk faɗin zangon nan tukwane na kallon sama, tata kaɗai ke kallon ƙasa. Matan da ke wucewa suna harararta, wata har da tsaki.

Daga inda take tana hango gona. Maza sun yi layi, sungumi na tashi yana sauka, har da waƙa. Da aka kusa gamawa Nomau ya sallami mata su koma su kula da tukwane, maza suka tsaya rufe sauran. Igiyar nan kuwa ta daina zama igiya. Ta yi kauri, ta yi duhu, ta fi kowace kuka da Tasalla ta taɓa gani, kuma ba ta lilo yanzu, tafe take sak. Sai ga wata ƙara ta biyo ta, kamar mata dubu sun haɗu suna daka a turmi ɗaya.

Ɗigon farko a leɓenta ya faɗa. Ta lasa. Ta sake lasa don ta ƙi yarda. Gishiri.

Ba ta gama tofarwa ba wani abu ya faɗo tim a gabanta. Kifi ne, rayayye, yana wutsil-wutsil a kan yashi, daga sama. Wani ya faɗa cikin tulun maƙwabciya. Wani ya bugi rufin bukka ya gangaro.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Ta diro daga kan randa ta yanki hanyar gona tana ihu. "Yaya! Gishiri ne! Yaya, ku gudu, ba ruwa ba ne!"

Muryarta ko ita ba ta ji. Ta ga Nomau ya waiwayo, ya hango ta, ya ɗaga sungumi sama yana kaɗawa. Har ta mutu ba ta san ko cewa yake ta kawo irin ba, ko cewa yake ta koma. A nan Iya Abla ta cafke ta ta baya. Tsohuwar da za ka ce iska za ta kayar, ta ja ta kamar akuya har cikin kwarin bayan tudu, inda ta riga ta kora mata da yara, ta danne mata kai ƙasa.

Amma Tasalla ta ɗago, kuma ta ga abin da ta yi shekara arba'in tana roƙon Allah ya mantar da ita. Abin ya tako tudu. Kwale-kwale mai cin mutum goma ya tashi sama yana juyawa. Itatuwan kwakwa suka sunkuya, wasu suka karye a tsakiya, wasu suka fita da saiwarsu. Bukkoki ba faɗuwa suka yi ba, buɗewa suka yi, rufi ya tafi, zana ta bi shi, tabarma da tufafi da kaji duk suka shige cikin duhun. Tukwanen da aka jera suka tashi gaba ɗaya suna karo da juna a sama. Sannan ya bi ta kan gona, ya rufe ta ruf, ba ta ƙara ganin kowa ba. Ruwa ya zubo musu a kwarin kamar da bakin ƙwarya, mai ɗaci, yana shiga ido yana yaji.

Duk wannan bai kai lokacin da za a dama fura a sha ba. Sai ƙarar ta yi nisa, ta mutu. Rana ta fito tar, kamar ba ta san komai ba.

Suka fito daga kwari ɗaya bayan ɗaya. Ba mai kuka tukuna, bakin kowa a buɗe. Inda zango yake babu zango. Bukka ɗaya ce tsaye a gefe, ko tsinke bai fita daga rufinta ba, mazarin matar gidan na nan a kan tabarma inda ta ajiye, alhali ta kusa da ita ko gurbinta ba a ganewa. Kifaye na tsalle a cikin murhu. Akuya na rataye a kan kwakwa. Wata mata ta tsinci katangar tulunta, ta tsaya tana jujjuya ta tana cewa, "Nawa ne, nawa ne," ba wanda ya iya ce mata ta bari.

Gona kuwa an kankare ta har ƙasa mai tauri. Layukan shuka, ramukan sungumi, irin taiki uku da aka ɗauko a ka daga arewa, babu ko alama, sai tafkunan ruwan gishiri suna ƙyalli. Aka tsinci maza a warwatse, wani a cikin ƙaya, wani da karyayyen hannu, wani ya yi nisan kiran salla daga inda yake tsaye, yana zaune yana tambayar ina takalminsa. Aka ƙirga. Saura Nomau.

Suka neme shi yinin nan, da washegari, masunta suka shiga ruwa da ragowar jiragensu. Sungumin kawai aka gani, ƙotarsa ta shige jikin wata kwakwa ta ɓullo ta baya, maza uku suka kasa zare shi. Rana ta uku teku ya turo malafarsa bakin gaɓa. Ita aka kai wa Gwamma.

Tasalla ba ta ci ba, ba ta sha ba, ba ta yi wa kowa magana ba. Maganar nan ɗaya ke yawo a kanta, ka binne kanka tare da irin. Ta san Gwamma ta ji, kuma jira take ranar da za a faɗa mata a gaban mutane. Gonar kuma ta bushe ta yi fari fat da gishiri, mutane suka fara cewa gara su watse, kowa ya nemi masuncin da zai yi wa barantaka, don manomi ba iri ba manomi ba ne.

Rana ta huɗu Gwamma ta zo ta zauna kusa da ita, malafar a cinyarta. Can ta ce, "Tasalla, ina randarki?"

Wallahi Tasalla ta manta da ita sam. Suka tashi su biyu suka je inda bukkarta take a da. Yashi ya rufe wurin, sai ɗan baƙin abu da ya leƙo kamar bayan kunkuru. Suka durƙusa suna tonawa da hannu. Mutane suka taru. Gindin randa ya fito, cikinta ya fito, ko tsagewa babu, don iska ba ta sami bakin da za ta kama ba, ruwa bai sami inda zai shiga ba. Maza biyu suka ɗaga ta.

Ƙwaryar na zaune. Faifan na kai, ƙullin tsumman da uwarsu ta yi da hannunta bai kwance ba. Tasalla ta buɗe, ta tura yatsu ciki. A bushe yake ƙamas.

Wani dattijo ya zauna daɓas a ƙasa yana salati. Matar da ta yi mata tsaki ta rufe fuska da gyale. Tasalla kuwa ta kalli Gwamma ta ce, "Kin ji abin da na ce masa."

Gwamma ta ce, "Na ji. Na kuma ji abin da ya ce da muka kama hanyar gona. Na ce masa in koma in karɓo ƙwaryar ko da faɗa ne. Ya ce, bar ta, halin Inna ne da ita. In nawa ya ƙi, nata ya yi."

A nan ne Tasalla ta yi kukan da ta riƙe kwana huɗu, har sai da aka riƙe ta.

Da ta natsu ta sa aka kawo ludayi, ta raba irin gida-gida, kowa ɗan abin da bai cika tafin hannu ba. Ludayin farko kuwa ba ta ba kowa ba. Ta zuba shi a ƙasa, ta kifa randar a kai, ta ce, "Wannan na Yaya ne." Suka sari sabuwar gona can nesa da ruwa, inda Iya Abla ta nuna musu. Bayan kwana goma sha biyu ruwa na gaskiya ya zo daga gabas, Tasalla ta tara hannu ta ɗanɗana kafin ta bari a shuka. Duk geron da kuka taɓa sha a furar garin nan jikan wannan ƙwaryar ne.

Tun daga ranar, in hadari ya taso ta wajen teku, Tasalla sai ta tashi ta kifar da duk tukwanenta, ta sa ɗan gero a ƙarƙashin randa, ta tsaya tana kallon gona. Ba ta ce kowa ya yi ba. Gwamma ce ta fara bin ta, sannan sauran.

Shi ya sa har yau mu mutanen Zangon Rairayi ba ma tara wa hadarin teku tukunya. Mu kifar, mu kwashe yara mu yi kusa da kwari, sai babbar mace a gida ta tara hannu ta lasa ɗigon farko, in ta ji daɗi sannan a buɗe. Geron da kuka ga na zuba ƙarƙashin randar nan ɗazu kuwa, wanda ɗayanku ya ce ɓarna nake yi, rabon Nomau ne. Ba a sami inda za a binne shi ba, sai muke ajiye masa irinsa.